Yadda Za A Tafiyar Da Gida Mai Ƙananan Yara A Dogon Hutun Damina A Kaduna

A ƙarshen watan Yuli makarantun boko na Kaduna suke rufe zango na uku, yara su dawo gida da katin sakamako da takalman da suka gama cinyewa, ba kuma za su koma aji ba sai cikin Satumba. Makonni shida ne ko bakwai, kuma sun faɗo daidai tsakiyar damina, lokacin da Agusta ke shigowa da marka, ruwa ya kwana yana zuba ya wayi gari yana yayyafi, tsakar gida ta jiƙe, lungu ya koma taɓo, shanya ta yi kwana biyu a kan igiya ba ta bushe ba. Duk mai yara 'yan ƙasa da shekara 8 ya san cewa hutun na yara ne da malamansu, uwa kuwa aikinta ninkuwa yake yi. Na yi wannan hutu sau da yawa da yara huɗu a gidan haya mai ɗaki biyu da falo a Badarawa, kuma abin da zan faɗa a can na koye shi, wani cikin sauƙi, wani bayan na sha wuya.

Bayan karatun da take ba yaro, makaranta ce ke riƙe wa gida agogo. Saboda ita ake tashi da wuri, a yi wanka, a karya, a kuma kwanta da wuri. Ranar da aka rufe ta agogon ya tsaya, kuma idan ba a samar da wani ba, kafin mako ya zagayo za a ga yaro yana karin kumallo da ƙarfe 11, yana ƙin abincin rana, yana rigima da la'asar, yana tsalle a kan katifa bayan manya sun fara gyangyaɗi. Yawancin kuka da faɗa da dukan da ake yi a cikin hutu daga yunwa da rashin barci suke tasowa, sai mu sa musu suna rashin ji.

Turakun da za a ɗaure yini

Ba sai an zana jadawali mai awa-awa an manna a bango ba, domin irin wannan ba ya kai kwana uku. Turaku huɗu kawai za a kafa, wato lokacin tashi, lokutan cin abinci, barcin rana da lokacin kwanciya, sauran yinin kuma a sakar masa igiya ya yi kiwo a tsakaninsu. Sauƙin da muke da shi shi ne kiran salla ya riga ya yanka mana yini, kuma ɗan shekara 3 da bai san ƙarfe ɗaya ba ya san an kira azahar. Don haka sai a ɗaura komai a jikin salla: bayan azahar a ci abinci a kwanta, bayan la'asar Islamiyya ko wasa, da kiran magariba kowa ya shigo a rufe ƙofa da tagogi, bayan isha'i kuma a shige gidan sauro. Iyalan Kirista suna da addu'ar safe da ta dare da za su ɗaura nasu tsarin a kai. Dole ne maigida ya san da waɗannan turaku ya kuma kiyaye su, domin uban da ya dawo ƙarfe 10 na dare da ƙunshin tsire ya tashi yara daga barci ya tsige turke ɗaya, kuma uwar ce za ta biya bashin da safe.

Barci ne turken da aka fi sakaci da shi. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, idan an haɗa na rana da na dare. Yaron da ya kwanta ƙarfe 8:30, ya tashi 6:30, ya kuma samu awa ɗaya bayan azahar, ya cika mudu. Manyan da suka wuce barcin rana ba sai an tilasta musu rufe ido ba, amma su kwanta a tabarma da littafi ko allo ba tare da surutu ba. Wannan awa ta uwa ce, kuma shawarata kada ta ƙarar da ita a wanki, ta kishingiɗa ita ma.

Da hantsi, idan gari ya washe, a fara da aiki sannan wasa, a kuma sake su tsakar gida da wuri, domin sau da yawa hadari da yamma yake haɗowa. Ɗan shekara 4 zai iya jera takalma da naɗe tabarma, ɗan shekara 6 ya tsince wake ya watsa wa kaji hatsi, ɗan 7 ko 8 ya yi shara ya wanke kofunan roba, kuma wannan ya haɗa maza da mata. Aikin ba zai fita yadda ake so ba, amma kada a karɓe tsintsiya a gaban idonsa a sake sharewa, domin gobe ba zai taɓa ta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗaura wa 'yar shekara 7 goyon ƙanenta ta yini da shi a matsayin aikinta na hutu. Za ta iya yi masa wasa a gaban babba, amma hankalinta bai kai na tsaron rai ba, kuma ranar da tsautsayi ya gitta ita za ta girma da nauyin abin a zuciyarta.

Makarantun kuɗi da yawa suna buɗe lesin hutu, kuma iyaye suna biya don kada a ce sun gaza. A ganina yaron da bai kai shekara 5 ba ba ya buƙatarsa. Rabin awa a gida ya wadatar: a karanta masa labari da Hausa yana bin yatsa a kan layi, ya ƙirga wake goma-goma, wanda ya ɗan tasa kuma a aike shi shagon ƙofar gida ya dawo ya lissafa canji. Kuɗin ya fi amfani a ajiye shi don Satumba. Inda uwa da uba duk suke fita aiki, lesin wurin ajiye yaro ne, saboda haka kafin a tambayi abin da ake koyarwa a duba ƙofar makarantar, a leƙa banɗaki, a kuma ji ko suna miƙa yaro ga duk wanda ya zo ɗauka. A tuna cewa yawancin Islamiyyu ba sa karatu ranar Alhamis da Juma'a, don haka yammacin waɗannan ranaku biyu yana buƙatar nasa shiri.

Ruwa a tsakar gida da wajenta

Lokacin da autata ke da shekara 1 da wata 4, an yi ruwa da rana na tara bokiti a ƙarƙashin indararo, ruwan ciki ma bai kai rabi ba. Na shiga kicin in rage wutar wake, ban cika minti ɗaya ba, sai na ji yayanta ɗan shekara 6 yana cewa, da muryar da ba ta da wata gaggawa, "Umma, Auta ta shiga bokiti." Na fito na tarar da ƙafafunta biyu a sama, kanta a ƙasa, ba kuka, ba fantsamar ruwa, ba wani motsi da kunne zai ji. Na fizge ta, ta yi tari ta amayar da ruwa, muka wuce asibiti aka duba ƙirjinta, Allah ya sa da sauran kwananta a gaba. Kan yaro mai koyon tafiya yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, idan ya leƙa bokiti sai kan ya rinjaye shi, hannunsa kuma ba shi da ƙarfin turo kansa waje. Shi ya sa 'yan shekara 1 zuwa 4 suke cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa a duniya, kuma ba sai a kogi ba. Tun daga ranar dokar gidanmu ita ce, duk bokiti ko baho ko dai a juye shi a durom mai murfi, ko a kife shi, ba a barin na uku.

Rijiya ta samu murfi da kwaɗo, ba faifan kwano da aka danne da dutse ba. Maigida ya zagaya gidan da unguwar da idon ɗan shekara 2: murfin sokawe da ya tsage, ramin da aka haƙa a kangon maƙwabta ya cika da ruwa, kwalbatin bakin titi da idan an yi ruwa mai ƙarfi ba a gane bakinsa. Ruwan da ke gudu ya kai gwiwar babba ya isa ya tafi da yaro, saboda haka ba a aiken yaro ana ruwa, ba kuma a aikensa da zarar an ɗauke, sai kwata ta janye. A nuna musu wayar lantarki da iska ta tsinko, a gaya musu ba a kusantarta ko da an ɗauke wuta. Kogin Kaduna, wanda ya raba garin biyu, a Agusta da Satumba yake cika ya batse, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2003 ba su manta ba. Mazauna gefen kogi, irin su Kigo Road da Rafin Guza da sassan Unguwar Rimi da Barnawa da Tudun Wada, su ƙulle takardun haihuwa da katin rigakafi a leda su ɗora a sama, su kuma tsayar tun yanzu da gidan ɗan'uwan da za a kai yara, domin a kwashe su da rana tun ruwa yana bakin ƙofa ya fi a goya su cikin duhu.

Wankan ruwan sama kuwa ba na hana shi, domin mu ma mun yi. Sharaɗin shi ne a yi shi a tsakar gida a gaban babba, babu tsawa babu walƙiya, a taƙaita, sannan a watsa ruwan ɗumi a goge jiki a sha kunu. Na lungu, inda ruwan sama ke haɗuwa da na kwata, ba wanka ba ne. Kududdufi da rafi kuma su ne gidan tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi ta huda fatar mai iyo, bayan wani lokaci a ga yaro yana fitsarin jini. Tana da magani a asibiti, kuma ba alamar girma ba ce kamar yadda wasu ke faɗa.

Ruwan sha ya fi duk waɗannan ɓoye sharrinsa. Idan ƙasa ta ƙoshi, abin da ke cikin masai yana tsiyaya zuwa rijiyoyi marasa zurfi, yana kuma shiga bututun famfo da ya fashe a cikin kwata, ruwan kuma ya fito garai-garai kamar ba komai. A shekarar 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi ɗanɗanawa. A tafasa ruwan yara har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a ɗiga maganin tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira rabin awa. Randa ta kasance da murfi da moɗa guda mai dogon hannu, wadda ba a sha da ita, sai dai a zuba a kofi. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, ba a ba shi ruwa ko kaɗan.

Kafin hutu ya yi nisa a sayo ledar gishiri da sukari ta ORS guda uku ko huɗu da ƙwayar zinki a ajiye, domin gudawa ba ta jiran a buɗe kemis. A karanta jikin ledar, domin wata ta lita ɗaya ce wata ta rabi, kuma abin da aka dama ya kwana ya yini a zubar a sake sabo. Idan babu, a samu lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokali, a ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Ana ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali bayan kowace gudawa, a ci gaba da nono da abinci, zinki kuma ƙwaya ɗaya kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba. Kada a zauna ana cewa haƙori ne. Idan bayan gida ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko ido ya faɗa yaro ya kasa sha, a kama hanyar asibiti ana ba shi ruwan a hanya.

Sauro da zazzaɓi

Sauron da ke ɗauke da zazzaɓi da dare yake cizo, shi ya sa rufe tagogi da magariba da shiga gidan sauro bayan isha'i suke cikin turakun yini. Sabon gidan sauro mai magani ana shanya shi a inuwa kwana guda kafin a kwana a ciki, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe, a ɗinke duk hujin da ya fito tun yana ƙarami. Idan za a wanke a yi da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa, domin rana tana kashe maganin. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa kwana goma, saboda haka sau ɗaya a mako ya isa a karya masa zuri'a. Mu ranar Asabar muke yi, kuma yara sun ɗauke shi wasa: su bi gida su nemo gwangwani da tsohuwar taya da fasasshen baho su zubar da ruwan ciki, babansu kuma ya cike kwarin ƙofar gida da ƙasa, domin irin wannan ɗan ruwa da ke kwance a rana shi ne sauron zazzaɓi ya fi so.

A watannin damina ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012 don ƙasashen da zazzaɓinsu ke bin damina. Sau ɗaya ake zuwa a wata, zagaye huɗu ko biyar, kuma maganin na kwana uku ne: na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa ake barinsa. A nan ake samun matsala, domin ƙwayar tana da ɗaci, yaro ya tofar, uwa ta ajiye sauran a kan taga ta manta. Wanda ya sha na rana ɗaya kawai bai samu cikakkiyar kariya ba. A narka ƙwayar a ɗan ruwa kaɗan a cokali, a ba shi bayan ya ci abinci, a kuma adana katin da suke cikewa. A gaya musu idan yaron yana da zazzaɓi a ranar, ko yana shan Septrin, ko wani magani ya taɓa fito masa da ƙuraje, domin irin waɗannan ba a ba su kai tsaye.

Idan jiki ya yi zafi a je a yi gwajin jini na ɗan yatsa, wanda ba ya wuce minti 20, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Farasitamol yana sauke zafi ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cutar. Idan gwaji ya nuna, maganin haɗi na ACT da aka fi bayarwa sau shida ake shansa cikin kwana uku, kuma sai an shanye ko da yaro ya tashi yana guje-guje a rana ta biyu. Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amayar da duk abin da aka ba shi, barcin da ba a iya tashinsa, da numfashi sama-sama. A ɗaga riga a ƙirga numfashi na minti ɗaya yana kwance shiru. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ce, balle idan ƙasan haƙarƙari yana lotsawa. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a yi masa hayaƙi. Aikin maigida ne ya san asibitin da ya fi kusa, ko Barau Dikko ne, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, ko na Kawo, ya kuma riƙe lambar mai keke ko mai motar da zai amsa waya ƙarfe 2 na dare ana ruwa.

Shanya, hayaƙi da tukunya

Kayan yara ba sa bushewa da marka, sai a ga an baza su a ƙasa ko a kan ciyawa da zarar rana ta leƙo. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a kan tufa mai danshi, musamman mai sauran warin fitsari, tsutsar ta shige fata ta yi ƙurji kamar maruru mai ɗan baki a tsakiya. A shanya a igiya, a kuma bi kayan da guga ciki da waje, har da wanduna da zanen goyo, ko da dutsen gawayi ne. A riƙa goge tsakanin yatsun ƙafa bayan wanka saboda cin ruwa. Kada sanyi ya sa a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, kada kuma ruwa ya sa a jawo janareto cikin baranda ko bakin taga, domin dukansu suna fitar da iskar guba marar wari marar launi wadda ke kashe mutane cikin barci. Kananzir da fiya-fiya ba a zuba su a robar lemo. Idan yaro ya kurɓi kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin haɗarin shi ne ya shiga huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe a tafi asibiti da robar a hannu.

Agusta wata ne da tsohon hatsi ya ja baya sabo bai shigo ba, ga yara a gida bakinsu ba ya hutawa. Amma lokacin ne ganye ke araha a Bakin Dogo da kasuwar Talata ta Kawo, zogale da rama da alayyahu da yakuwa da ɗanyar kuɓewa, kuma faten tsaki da ya ji ganye da gyaɗa, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ya fi taliyar leda riƙe ciki da gina jiki. A soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙo garin kunu na mako biyu. Abin taɓawa a tsayar masa da lokaci biyu, hantsi da la'asar, in ba haka ba kuɗin biskit zai cinye na cefane. Sabuwar masara da dafaffiyar gyaɗa da gurjiya sun wadatar, sai dai wanda bai kai shekara 4 ba a daka masa, domin ƙwayar gyaɗa tana sarƙe maƙogwaro. Masara ko gyaɗar da danshi ya sa ta yi fumfuna a zubar ba tare da ƙyashi ba, domin gubarta tana taɓa hanta kuma wuta ba ta kashe ta.

Ranar da ruwa ya hana fita

A tanadi kwali guda wanda ba a sauke shi sai ana ruwa, domin abin wasan da ake gani kullum ba ya riƙe yaro. Namu yana ɗauke da alli, da kwalayen ashana da na sukari, da ƙyallayen da tela ke zubarwa, da murafen kwalba, waɗanda ake kwashewa idan ɗan rarrafe yana kusa. Kwaɓin fulawa da gishiri da ɗan mai yana maye gurbin tuwon ƙasa. Carafke da dara da ɓuya duk suna yiwuwa a falo. Batun waya kuwa, shawarar ita ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba a gabanta ko gaban talabijin, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ba zan yi ƙaryar cewa ban taɓa wuce wannan ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne in sauko da abin kallon tun da wuri, in kashe data, in bayar lokacin girkin dare, a kuma san cewa kiran magariba ne ke karɓe ta, ba ni ba.

Wani dare aka ɗauke wuta, ruwa yana dukan kwano ba a ko jin magana sosai, surukata da ta zo mana kwana biyu daga Zariya ta tara jikokinta a tabarma ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaran suka yi shiru suna kallonta, domin ba wanda ya san amsa. Ta juya wajen ɗanta ta ce, "Kai, ashe ko amsa tatsuniya ba ka koya musu ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta zo mu ji ta, Hajiya." Tun daga nan rabin awar da ke bayan isha'i ta zama tasa. Yana ajiye waya ya shiga gidan sauron tare da su, ya yi musu Gizo da Ƙoƙi, inda ya manta ya ƙago, kuma da ya ce ƙurunƙus sun san ba sauran magana sai addu'a da barci. A wannan rabin awa nake kwashe kwanuka in zauna ni kaɗai.

Fita ɗaya ko biyu ta isa hutu guda. A zaɓi safiyar da gari ya washe a kai su Ƙofar Gamji su ga gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a dawo da ita Kaduna, a riƙe hannun ƙanana domin wurin bakin kogi ne. Waɗanda suka fara karatu za su ji daɗin gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu, ko Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna. Idan za a kai su wajen kakanni a Maƙarfi ko Kaciya ko Kafanchan, a yi tafiyar da rana, a haɗa musu da gidan sauro da ORS da katin maganin wata-wata, a kuma faɗa da ladabi: "Inna, ga gidan sauronsu nan, don Allah a riƙa sa musu ko da sun ce zafi."

Idan ya rage kwana goma a koma, a fara jawo lokacin kwanciya baya da minti 15-15, a kuma dawo da wanka da karin kumallo lokacinsu na makaranta. A gwada musu kayan makaranta da takalma tun kafin layi ya yi tsawo a wajen tela, domin yaro yana iya tsawo a mako shida, takalmin da ya yi hutu a lungu mai danshi kuma sai an goge masa fumfuna an sa shi a rana. A zazzage jakunkuna ma tun yanzu. A cikin ta ɗana na biyu na taɓa tarar da kwanon abincin ranar ƙarshe ta Yuli, da sauran shinkafa da wake a ciki.